Faɗowa daga tsani a wurin aikin fenti: tambayoyin da ake yawan yi a Sakkwato

Idan Sallah ta matso, ko an gama gini ana ɗokin tarewa, masu fenti ba sa samun zama a Sakkwato. Daga Mabera zuwa Arkilla, daga Gawon Nama zuwa Runjin Sambo, ko'ina ka duba akwai tsani jingine da bango. A irin wannan lokacin ne kuma ake yawan jin wane ya faɗo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ke ta dawowa a bakin masu fenti, yaransu, masu gidaje da iyalan wanda ya ji ciwo. Amsoshin ba su ɗauke wa kowa zuwa wurin likita ba.

Ba tsautsayi ba ne kawai? Ai ba ya wuce ranarsa.

Babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Amma idan ka zauna da wanda ya faɗo ya ba ka labari tiryan-tiryan, kusan kullum dalilin ɗaya ne daga cikin 'yan abubuwa: gindin tsani ya zame, ko mutum ya miƙa gefe don ya taɓo wurin da hannunsa bai kai ba, ko mataki ya ɓalle, ko ya hau da bokiti a hannu ɗaya da rola a ɗayan. Duk waɗannan ana ganin su da ido tun kafin a hau.

Miƙawa gefe ita ce ta fi cin mutane. Saura ɗan taƙi a gama layi, sauka a matsar da tsani zai ci minti ɗaya, sai mai fenti ya ce bari dai in taɓo. Da nauyin jiki ya fita daga tsakanin sandunan tsani biyu, sai tsanin ya tafi hagu, mutum ya tafi dama. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada cibiyarka ta wuce sandan gefe. Abin da hannunka bai kai ba a haka, sauka ka matsa.

Ginin ba bene ba ne. Faɗowa daga nan har wani abu ce?

Sosai ma. Wanda ya faɗo daga tsayin mita 3 yana isa ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, da gudun da ya kusa kilomita 28 a awa. Babu lokacin gyara jiki, kuma abin da ke jiran sa a ƙasa siminti ne, ko tayil, ko bakin dakali, ko tarin bulo da guntayen rodi. A bene mutum kan ji tsoro ya yi hattara. A ɗan tsayin falo ne ake sakin jiki.

Yaya ake kafa tsani yadda ba zai zame ba?

Ma'aunin da aka sani shi ne ɗaya bisa huɗu. Idan kan tsanin ya jingina a tsayin mita 4, gindinsa ya nisanci bango da mita 1, wato tsawon bulo biyu da ɗan ɗori. In babu tef, ka tsaya da yatsun ƙafarka a gindin tsanin, ka miƙa hannuwanka gaba sosai. Idan tafin hannunka ya sauka daidai kan matakin da ke saitin kafaɗarka, ya yi. Idan ya miƙe da yawa zai iya kifewa baya da kai, idan ya kwanta da yawa gindin zai gudu.

Sai kuma ƙasan da aka kafa shi. Sabon tayil, musamman in ƙurar hunturu ta kwanta a kai ko fenti ya ɗiga, santsi gare shi. Rairayi kuma yana nutsar da ƙafa ɗaya ya bar ɗaya. Kada a daidaita tsani da guntun bulo ko dutse, a gyara ƙasan da shebur a shimfiɗa falanki mai faɗi. A tayil, a tokare gindin da katako mai tsawo wanda ya dogara da bango na gaba, ko a ɗaure tsanin da igiya a ƙarfen taga. Yaron da aka ce ya riƙe gindi yana da amfani a gajeren tsani, amma dogon tsani in ya fara zamewa ba ya iya tare shi, balle in hankalinsa na kan waya.

Idan za a hau rufi ne, tsanin ya zarce bakin rufin da kamar mita 1 don a samu abin kamawa. Ba a tsayawa kan matakai uku na ƙarshe. Ana hawa da sauka fuska na kallon tsani, da takalmi mai kama ƙafa, ba silifas ba. Bokiti kuwa a yi masa ƙugiya da rodi a rataye shi, ko a ja shi da igiya bayan an hau. In tsanin yana gaban ƙofa, a kulle ta.

Tsanin katako da kafinta ya haɗa, ko na alminiyom?

Yawancin tsanin da ake gani a wuraren gini katako ne dogaye biyu da aka buga wa guntaye da ƙusa. Matsalarsa, duk nauyin mutum yana kan ƙusa ne. Katakon da ya sha ranar Sakkwato ya bushe yakan tsage daidai wurin ƙusar, damina ta zo ta sa ƙusar tsatsa, gara kuma ta ci cikin sandan ta bar bayansa lafiya lau. In dole sai da shi, kafinta ya yanka gurbi a jikin sandan yadda kowane mataki zai zauna a ciki kafin a buga ƙusa, kuma kada a shafa wa tsanin fenti, domin fenti na ɓoye tsaga. Kowace safiya a kwantar da shi a bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Haɗa gajerun tsani biyu da igiya ko ƙusa don a kai bene ganganci ne.

Na alminiyom ya fi sauƙin ɗauka, ba ya jin gara, amma robar ƙafarsa takan cinye, kuma da ta cinye ya fi na katako santsi a tayil. Babban aibinsa shi ne wuta na bin sa. Duba tambayar wayar wuta.

Yaushe tsani bai isa ba, sai an kafa sikafol?

An yi tsani ne don hawa da ɗan gajeren aiki. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya tana ba da shawarar cewa aikin da zai tsayar da mutum a kan tsani fiye da minti 30 a wuri guda, a nemo masa wani abin hawa. Fentin bangon bene, kankare tsohon fenti da hannu biyu, shafa foti a silin, duk aikin sikafol ne, wato dandamalin ƙarfe ko katako da ake kafawa a jikin gini a tsaya a kai. Bangon da bai wuce tsayin ɗaki ba kuwa, rola mai doguwar sanda tana gama mafi yawansa mutum na tsaye a ƙasa.

Ɗora benci kan durom, ko tsani kan teburi, ko falanki ɗaya tsakanin durom biyu, ba sikafol ba ne. Kuma abin da ke hana kafa na gaske kuɗi ne. Mai gida ya matse farashi, mai fenti ya ji tsoron in ya ambaci hayar sikafol za a ba wani aikin. Shawarata ga masu fenti, ku rubuta kuɗin sikafol a layinsa daban a cikin lissafi, kamar yadda kuke rubuta kuɗin fenti da tina. Alhajin da ya kashe miliyoyi a gini, in an nuna masa a rubuce, da wuya ya ƙi.

Zafi, azumi da warin fenti suna da hannu?

Suna da shi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma farin bango yana mayar wa mutum da rana a fuska. Wanda ya yi gumi bai sha ruwa ba, jiri na iya ɗaukar sa yana sama. Aikin waje a kan tsani a yi shi bayan asuba zuwa hantsi, a bar na ƙasa da na inuwa zuwa rana. Da azumi wannan ya ƙara zama dole, ga shi kuma a goman ƙarshe ne kowa ke son a gama masa kafin Sallah.

Fentin mai da ake sirkawa da tina, ko kananzir, ko fetur, tururinsa na sa ciwon kai da juwa a ɗakin da aka rufe. A buɗe tagogi da ƙofa. Da mutum ya ji kansa na sarawa, ya sauka nan take. Wanda kuma ya sha tiramadol don ya jure aiki, ko maganin mura mai sa barci, kada a bar shi ya hau.

Wayar wuta ta ratsa kusa da bangon. Yaya za a yi?

A yawancin unguwanni wayar da ta taso daga fal tana shiga gida ne ta saman bangon gaba, daidai inda ake fenti, kuma sau da yawa rigarta ta ɓare. Ko ɗan jan da bai kai ya kashe ba ya isa ya sa mutum ya saki tsani. Kashe mitar gida ba ya kashe wayar da ke tsakanin fal da mita. Cewa ai an ɗauke wuta shi ma ba kariya ba ne, ana iya dawo da ita kowane lokaci. A kira ma'aikatan kamfanin wuta su cire layin kafin a fara. Babban layi mai ƙarfin volt dubu 11 (11kV) kuwa ba sai an taɓa shi ba, wutarsa na iya tsallakowa in ƙarfe ya matso. Tsanin alminiyom da sandar rola ta ƙarfe ba su da wurin zama a kusa da shi.

Ya faɗo yanzun nan. Me za mu yi?

Abin da jama'a suka saba shi ne a rugo a ɗaga shi zaune, a yayyafa masa ruwa, a ba shi ya sha, wani ya kama ƙafa ya ja wai don ta koma. Duka kuskure ne. Wanda ya faɗo daga sama, a ɗauka wuyansa ko bayansa ya taɓu har sai likita ya ce a'a. Ƙashin baya na iya karyewa laka ba ta taɓu ba, sai wajen ɗagawa ƙashin ya goce ya danne ta, mutumin da zai warke ya koma ba ya tafiya.

Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe kan da hannu biyu yadda ya same shi, ya riƙa yi masa magana. A duba yana numfashi. A tambaye shi sunansa, inda ke masa ciwo, ko yana jin yatsun ƙafarsa, ko zai iya motsa su. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. In ƙashi ya fito waje a rufe shi kawai, kada a tura shi ciki, kada a zuba toka, ƙasa ko man birki. Hannu ko ƙafar da ta karye a tallafe ta da katako ko kwali yadda take, a ɗaure ba tamau ba. Kada a ba shi abinci ko ruwa, domin ana iya bukatar yi masa aiki. In amai ya taso, mutum uku ko huɗu su juya shi gefe gaba ɗaya, kai da wuya da baya a layi guda. In ya daina numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri ba tsayawa.

In wuta ce ta ja shi, kada kowa ya taɓa shi sai an tabbatar ya rabu da wayar. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Ya tashi da ƙafarsa ya ce "Maigida, ba komai." Sai an je asibiti?

Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Yaro yana jin kunya, yana tsoron a ce ya yi sakaci, yana kuma son kuɗin yininsa, sai ya karkaɗe wando ya ɗauki burushi. Akwai nau'in zubar jini a cikin ƙoƙon kai da mutum zai suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo ya yi hira kamar ba abin da ya faru, bayan 'yan awanni jinin ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. In an gano da wuri, aiki na ceton rai. Haka saifa, wadda ke ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, tana iya fashewa jini na zuba a ciki ba a gani.

Duk wanda kansa ya bugu, ko ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko bai tuna yadda ya faɗo ba, a kai shi a duba shi ranar. In an sallame shi, kada ya kwana shi kaɗai, kada ya tuka babur. A mayar da shi da gaggawa in aka ga ciwon kai na ƙaruwa, amai, barcin da ake shan wuyar tada shi, magana ba kan gado, farfaɗiya, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, mutuwar hannu ko ƙafa, kasa fitsari, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu, ko gumi mai sanyi da jiri. Don ciwo a tsaya kan farasitamol. Asfirin da su ibufurofen da dikilofenak na iya ƙara zubar jini.

Ina za a kai shi, kuma da me?

Ciwon kai, wuya ko baya, a wuce kai tsaye sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin can ne ake da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Karayar hannu ko ƙafa, akwai Asibitin Ƙwararru a cikin gari da Asibitin Ƙashi na Wamakko. Tsayawa a kemis ana ƙarin ruwa ɓata lokaci ne.

Wanda ake zargin bayansa ko wuyansa, ba a ɗora shi kan kabu-kabu, ba a lanƙwasa shi a keke napep. A wurin gini ba a rasa ƙyauren ƙofa ko falanki mai faɗi. A juya shi bisa ƙyauren ko falankin kamar yadda aka faɗa a tambayar da ta shafi abin yi nan take, a tokare kansa da tsumma ta gefe biyu, a ɗaure shi, a sa shi kwance a motar asibiti ko bayan a-kori-kura. Wanda ya ga faɗuwar ya bi su, don likita zai tambayi tsayin, da abin da ya fara bugawa, da ko ya suma.

Ya dira da ƙafa ne, me ya sa likita ke son hoton baya?

Domin ƙarfin dirar ba ya tsayawa a ƙafa. Yakan murƙushe ƙashin dunduniya, ya bi ta sama ya danne ƙashin baya na wajen ƙugu. Likitoci sun san waɗannan karaya biyu na yawan zuwa tare, kuma zafin dunduniya kan rufe na baya har mutum bai ambace shi ba. Wanda ya tare da hannu kuwa, wuyan hannu ne ke karyewa, kuma akwai wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa da karayarsa ba ta cika fitowa a hoton farko ba. In an ce targaɗe ne amma ciwon wurin bai lafa ba bayan kwana goma zuwa mako biyu, a koma a sake hoto.

Ba za mu kai shi wurin mai ɗori ba? Ya fi sauƙin kuɗi.

Masu ɗori sun gaji sana'arsu, mutane sun yarda da su, kuma suna karɓar abin da ya samu. Ba raina su ake yi ba. Amma hannu ba ya ganin cikin gaɓa. Karayar da ta shiga gwiwar hannu, idon sawu ko dunduniya, in ta haɗe a karkace, mai fenti ya rasa tsayuwa kan tsani ko riƙon burushi. Karayar baya, ta ƙugu, ta cinya, da wadda ƙashi ya huda fata, ba ta ɗori ba ce ko kaɗan. Ta ƙarshen tana bukatar wanki a ɗakin tiyata, maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus.

Babban haɗarin shi ne ɗaurin karan ɗori tamau a kan gaɓar da ke kumbura. Jini ya kasa wucewa, naman ya fara mutuwa cikin awanni, a ƙarshe a kai asibiti sai yankewa. In an riga an yi ɗorin, sai ciwo ya tsananta fiye da da, yatsu suka yi sanyi, suka kumbura, suka canja launi ko suka daina ji, a kwance ɗaurin a tafi asibiti a daren, ko me aka ce game da sharaɗin kwancewa. Ko iyali sun dage sai ɗori, a fara yin hoto likita ya gani.

Wa zai biya kuɗin magani: mai gida, ɗan kwangila, ko mai fentin?

A al'ada, ranar farko kowa na kawo abin da ya samu. Mai gida ya ba da wani abu "a sayi magani", ogan aiki ya biya kuɗin hoto. Bayan mako biyu sai ƙafa ta ɗauke, a bar wa mata da 'yan'uwa. Wanda ya fi kowa rauni a cikin cinikin shi ke ɗaukar asarar, kuma wannan ba adalci ba ne.

Wanda ya ɗauki mutum aiki, ya ba shi tsani, ya ce masa hau nan, shi ne na farko da alhakin ke kansa, ko kamfani ne ko oga mai yara uku. Mai gidan da ya ba wa ƙwararren mai fenti kwangila nauyinsa bai kai haka ba, amma in shi ya kawo ruɓaɓɓen tsanin, ko ya san waya a ɓare take bai faɗa ba, ko ya hana kuɗin sikafol, yana da kaso. Abin da ya fi raba gardama shi ne a yi maganar tun ranar ciniki, gaban shaida: in wani ya ji ciwo, wa zai ɗauki asibiti, wa zai ciyar da gidansa har ya tashi. In an riga an saɓa, a fara da shugabannin masu sana'ar da mai unguwa kafin a kai ga kotu.

Doka ta tanadi wani abu?

Ta tanada. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta ɗora wa hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, kula da wani asusu da masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya. Ba a cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyon sana'a, kuma ba sai an tabbatar da laifin wani ba kafin a biya. Tana ɗaukar magani, da wani kaso na albashi lokacin jinya ko nakasa, da diyya ga iyali in an rasa rai.

Akwai wa'adi. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da wanda ya ɗauke shi aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Wannan hanya ta fi buɗewa ga mai aiki ƙarƙashin kamfanin gini mai rajista. Mai fentin da ke aikin yini a unguwa, yawanci babu wanda ya yi masa rajista, shi ya sa yarjejeniyar da aka ambata a tambayar da ta gabata take da muhimmanci. Ko ta wace hanya za a bi, a ɗauki hoton tsanin da wurin kafin a kawar, a rubuta sunayen waɗanda suka gani, a adana katin asibiti da kowane rasit. Shari'ar da ta shafi aiki tana zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Yaron da ke koyon aiki fa, yaushe zai fara hawa?

Dokar ƙwadago ta hana sa wanda bai kai shekara 15 ba aiki irin na gini. Ko ya wuce haka, sabon yaro ya fara da ƙasa: haɗa fenti, goge bango, riƙe gindin tsani. Ana yawan tura ƙaramin yaro sama wai don ba shi da nauyi, alhali shi ne bai san inda haɗarin yake ba, kuma ba zai iya ce wa ogansa tsanin na rawa ba. Iyayen da suka damƙa maka ɗansu amana suka ba ka.

Yaushe zai koma aiki?

Karayar wuyan hannu takan ɗauki kamar mako 6 a filasta, sannan wasu makonni kafin riƙo ya dawo. Dunduniya ta fi jinkiri, sau da yawa wata biyu zuwa uku ba a taka ta, kuma tsayuwa kan siririn mataki na iya ci gaba da yi mata ciwo bayan haka. Karayar baya likita ne kaɗai zai faɗa. Wanda kansa ya bugu, muddin yana jin jiri ko gani na raba masa biyu, babu shi babu tsani.

Cire filasta ba shi ne warkewa ba. Gashin ƙashi da motsa gaɓa da ake turawa a yi a asibiti shi ke dawo da ƙarfin, kuma shi ne mutane suka fi watsarwa saboda kuɗin mota. Kafin ya sake hawa, ya gwada a ƙasa: ya tsaya da ƙafar da ta ji ciwo ita kaɗai, ya ɗaga dunduniya ya tsaya kan yatsu, ya ɗauki cikakken galan da hannun da ya karye. In ɗaya ya gagara, ogansa ya ba shi aikin ƙasa, kamar haɗa kala, fentin ƙofofi da tagogi, ko sa ido kan yara, a kuɗin da zai riƙe gidansa.